Sunan Ɗan Fari

Briketeri, Yawunde
3 ga Satumba

Zuwa ga ƙanwata Hidaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Ya aikin asibiti, ya zafin Garwa, ya maigidanki da yara? Mu nan ruwa ya hana mu sakat, lungunmu ya koma jan taɓo, ƙafata ta hagu kuma tana nan da halinta. Afra'u na shirin komawa makaranta, Malam yana shagonsa na yadi.

Na san za ki yi dariya in kin ga takarda a hannun Garga direba, mai kamiyon albasa, ki ce Adda ta tsufa har ta manta an yi waya. Ban manta ba. Malam ya tattara wayoyin gidan nan kaf ya kulle a shago, tawa ma ba ta tsira ba. Ko da tana hannuna ma, wannan magana ba ta waya ba ce, don waya ce ta kashe mu. Shi ne na tuna da Hausar boko da aka koya mana a Mubi. A gidan nan babu mai karanta ta sai ni, yara Faransanci suka iya, Malam kuma ajami.

Hidaya, ki nemi wuri ki zauna. Maganar ɗanki ce, babban, wanda na haifa kika goya. Kin san ɗan fari ne, bakina bai taɓa kama sunansa ba, hannuna ma ba zai rubuta ba.

Wayarsa ce ta faɗa kwata, ya kai gyara kasuwar Mokolo. Mai gyaran, Allah Ya isa, ya buɗe saƙonninsa ya karanta, ya kwashe ya tura wa samarin unguwa. Saƙonni ne tsakaninsa da Awwal, abokin nan nasa tela, wanda kika tarar yana cin tuwo a gidanmu da Sallah. Ba maganar aboki da aboki ba ce. Irin maganar da saurayi ke yi wa budurwa ce. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ni ce ta ƙarshen ji a Briketeri. Na fita sayen kayan miya na ga mata suna matsa mini hanya kamar na ɗauko gawa, sai maƙwabciyata Maijidda ta ja ni gefe ta ce, "Ke kam ba ki ji ba?" Kin san cikin Maijidda rariya ne, ba ya riƙe komai. A tsaye ta zazzage mini.

Da yamma samari suka tare shi a hanyar Tsinga. Ya shigo leɓe a fashe, riga a yage, takalmi ƙafa ɗaya. Awwal ya gudu, an ce Duwala ya nufa. Malam ya tsayar da shi a tsakar gida ya ce, "Ka ce ƙarya aka yi maka, in fita in tsaya maka." Wallahi Hidaya da ya ce ƙarya ce da mun yarda, don neman abin yarda muke yi. Sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, ba zan yi maka ƙarya ba." Na zauna a kan turmi.

Malam bai doke shi ba, gara ma a ce ya doka. Cewa ya yi kada ya ƙara zuwa shago, kada ya ƙara sa hannu a kwanon maza, a ware masa kwano da buta. Ni da hannuna na ɗauki jan farcen Afra'u na ɗiga a gindin kwano ɗaya don kada a haɗa. Yanzu yana ɗakin zaure, ba ya fita. Abincin da na aika masa yadda ya tafi haka yake dawowa, barci kuma ba ya yi. Duk wanda ya buga ƙofa sai gabana ya faɗi, don an ce dokar ƙasar nan ma tana ɗaure mutum a kan wannan, kuma akwai masu cewa za su kai magana komisariya, wurin 'yan sanda.

Ke kika goye shi, ke yake gaya wa abin da ba ya gaya mini. Kin taɓa ganin wata alama kika yi shiru? Me na ci da cikinsa? A ina na kuskure? Ki ba Garga amsa, shi bai san abin da ya ɗauko ba.

Addarki,
Adawiyya


Garwa
11 ga Satumba

Adda,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, yara suna gaishe ki, zafi kuwa sai godiya. Ki riƙa ɗora ƙafar nan a kan matashi. Na faɗa har na gaji, amma ke likitar kanki ce.

A bakin ƙofar asibiti na karanta takardarki, a tsaye, Garga yana jira. Na ninke, na sake buɗewa ko rubutun zai canza. Bai canza ba. Nu'man? Nu'man ɗina, mai ɓuya bayan ƙofa in za a yanka kaza? Ban san abin da zan ce miki ba, kuma ba zan yi miki ƙaryar na sani ba. Ban ga wata alama ba. Abin da na gani yaro ne mai shiru, mai yawan nafila, wanda in an ɗauko zancen aure sai ya tashi ya bar wurin. Ni ma kunya na ɗauka.

Ba ki ci komai da cikinsa ba, ki cire wannan a ranki. Ina gidanku lokacin, tuwon da kika ci shi na ci.

Ni ba malama ba ce, hukuncin abin nan na bar wa masu shi. Amma aikina na san shi. Cikin duk abin da kika rubuta, magana biyu suka fi tsaya mini a rai: ba ya ci, ba ya barci. Yaron da unguwa ta doka, ubansa ya ware wa kwano, abokinsa ya gudu, ya zauna shi kaɗai yana kallon bango, wannan yaron ba shi da lafiya. A nema masa magani tun wuri, kada a bari abin ya yi nisa.

Kwanon nan kuma, haba Adda. Tarin fuka ke gare shi? Mu da muke wanke masu kwalara ma da hannun nan muke cin tuwo da iyalinmu.

Garga yana ta danna mini oda, dole in tsaya nan. Ki gaya wa Nu'man ni Yafendonsa ina gaishe shi. Da bakinki za ki faɗa, kada ki aiki Afra'u.

Ƙanwarki,
Hidaya


Briketeri
29 ga Satumba

Hidaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya ke da mutanen gidan. Ƙafa da sauƙi. Afra'u ce ke fama da ciwon kai, amma na san ba na jiki ba ne, 'yan ajinsu ne suka sa ta a gaba da tsokana.

Na yi abin da kika ce, na nema masa magani. Da na gaya wa Malam, har ya ɗan saki fuska ya ce, "To, tun da mai aikin lopital ma ta ce magani, ashe abin yana da magani." Maijidda ta san wani mutum a Nkomkana mai cire aljanu, an ce har daga Bafusam ake kawo masa mutane. Ya dubi ɗanki ya ce aljana ce ta shige shi tun yana ciki, wai na taɓa yin wanka da magariba. Na yi ta lissafi, Hidaya, wace macen ce ba ta taɓa wanka da magariba ba? Ya ce a bar masa shi mako guda. Na kai abinci, aka karɓa a ƙofa, aka ce uwa ba ta shiga.

Ran da muka je ɗauko shi ban gane shi ba. Wuyan hannunsa duka biyu sawun igiya ne. Bayansa ruɗu-ruɗu, ko jaki ba a yi wa haka. Idonsa jajir saboda hayaƙi, yana tafiya kamar tsoho. Mutumin yana murmushi yana cewa aljanar mai taurin kai ce, sai an dawo da shi. Da muka iso gida na dafa ruwa, na ɗauko tsumma, na zo har ƙofar zaure, sai na kasa shiga. Kin san ban taɓa taɓa jikinsa ba tun da aka yaye shi. Na ba Afra'u ta gasa masa, ni na tsaya bayan labule ina jin yadda yake danne kuka. Gaisuwarki ma ita na ba ta isar, ki yi haƙuri.

Ya san ina tsaye. Ya ce, "Umma, tun ina ƙaramin aji nake roƙon Allah Ya cire mini abin nan. Azumin Litinin da Alhamis da kuke yabona a kai, na wannan ne. Da akwai aljana, da ta fita tun dukan farko." Shekara da shekaru yaron nan yana ɗauke da wannan a ƙarƙashin rufina, ni ina ta alfahari na haifi mai ibada.

Waje kuma ba a magana. An yi suna a gidan da ke kallon namu, ko goro ba a aiko mana ba. Masu ɗinki da ke sayen yadi wurin Malam sun koma shagon gaba. A masallaci wani ya janye ƙafarsa daga ta Malam a sahu, ya dawo gida bai ci abinci ba. Cewa kawai yake yi, "Maganin kar a ji, kar a yi."

Hidaya, haka maganin yake? In haka ne, ni kam ban san ko zan iya mayar da shi ba.

Adawiyya


Garwa
7 ga Oktoba

Adda,

Lafiyarmu lau, ban da ni, da na karanta takardarki na shiga banɗaki na yi amai.

Likita nake nufi! Likita, Adda, mai farar riga! Na yi shekaru ina aikin asibiti, yaushe kika ji na ce magani ina nufin igiya da bulala? Laifina ne da na rubuta a gurguje ina kallon kamiyon Garga. Amma ke da kika ga an hana uwa shiga, ba ki ji a jikinki ba? Kada ya ƙara taka Nkomkana. In Malam ya matsa, ki ce ni na hana, ya zo Garwa ya same ni.

Bari in faɗa miki dalla-dalla yadda ba za a sake fahimta ta a karkace ba. Ban ce akwai ƙwayar da za ta canza abin da ke zuciyar Nu'man ba, ban taɓa ganin irinta a kantin magani ba. Ciwon da nake tsoro daban ne, shi ne ciwon damuwa, wanda muke kira depiresiyo. Yana hana ci, yana hana barci, yana sa mutum ya ga kamar duniya za ta fi daɗi in babu shi. Yana kisa kamar yadda zazzaɓi ke kisa, kuma shi yana da magani. Na rubuta a bayan takardar nan sunan wata da muka yi karatu tare, tana duba masu irin wannan ciwo a nan Yawunde. Ba ta kai kowa komisariya, ba ta kuma yawo da maganar mutane. Ki kai shi.

Sai maganar da na daɗe ina haɗiyewa. Kin haifi yaron nan kin miƙo mini kamar kayan aro, ina 'yar yarinya. Na sani al'ada ce, haka Inna ta yi wa Yaya, kowa ya yaba miki kunya. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Yana kwance baya a farfashe, uwarsa tana bayan labule. Ke kin san kunya ce. Shi a halin da yake ciki, me kike tsammani zai ɗauka? Ban ce ki yarda da abin da ba ki yarda da shi ba. Ni ma ban gama warware shi a kaina ba, in na tashi sallah sai in rasa me zan roƙa. Amma hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Ki yi fushi da ni in kin ga dama, ki dai shiga ɗakin nan.

Hidaya


Briketeri
18 ga Oktoba

Ƙanwata Hidaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, kuma amai ya tsaya. Na ga faɗanki. Tun kina ƙarama bakinki ya fi ki girma, na saba. Ban yi fushi ba, don yau da albishir na zo, goronki fari.

Ba sai an je wurin abokiyarki ba. Allah Ya karɓi addu'a, ɗanki ya dawo hanya. Shekaranjiya da safe sai ga shi ya fito, ya yi wanka, ya je ya yi aski. Fuskarsa ta washe, irin natsuwar da na daɗe ban gani ba. Ya ci makala biyu, fanken nan namu, da kunu. Ya wanke kwanon nan mai jan ɗigo da kansa, ya kife a kan randa, ya ce wa Afra'u a daina wahalar ware masa.

Sai ya shiga neman gafara. Ya durƙusa gaban Malam ya ce, "Baba, ka yafe mini kunyar da na jawo maka, in sha Allahu kun kusa hutawa." Na ga idon Malam ya kawo ruwa. Ya nemi gafarar Afra'u, ya ba ta ƙamus ɗinsa na Faransanci da agogonsa. Ya shiga gidan Maijidda, ya je wurin liman, ya mayar da dutsen guga da ya ara tun kafin azumi. Mai gyaran wayar nan ma ya ce ya yafe masa. Shaddarsa shuɗiya ta Sallah ya ba Garga, ya ce ta yi masa yawa yanzu. Jiya har maƙabarta ya je ya yi wa kakarsa addu'a. Kin ga tuba ta gaskiya ke nan, mutum ya sauke kayan duniya.

Ni ma ya zo bakin labulena ya durƙusa. Ya ce, "Umma, ki yafe mini nonon da na sha." Na ce na yafe duniya da lahira, je ka. Ya ɗan jima a wurin kamar akwai sauran magana, sannan ya tashi. Hidaya, rabon da in yi barci irin na jiya har na manta.

Malam ya ce a yi sadaka ta godiya ranar Juma'a ta sama, zan soya makala a raba wa unguwa, masu bakin su ci su ji. Ga hularsa nan a cikin ambulan, wadda kika ɗinka masa, ya ce a ba Yafendo ta ajiye, kuma ta yafe masa goyo. Ki taya mu godiya ga Allah.

Addarki mai farin ciki,
Adawiyya


Garwa
27 ga Oktoba, Juma'a

Adda,

Babu gaisuwa yau. Yanzun nan Garga ya miƙo mini takardarki, wai kamiyonsa ya lalace a gangaren Ngaundere ya kwana a hanya ya fi mako. Yana sanye da shaddar Nu'man. Na ga hular, na karanta, na kurma ihu har masu jinya suka fito.

Wannan ba tuba ba ce, sallama ce! Ki sake duba abin da kika rubuta da hannunki. Ya raba kayansa, ya mayar da aro, ya yafe wa kowa, ya ziyarci kabari, ya ce kun kusa hutawa. Wane ne ke neman gafarar nono, in ba mai tafiyar da ba dawowa ba? Natsuwar da kika gani, natsuwar wanda ya gama yanke shawara ce. Na ga irinta a wurin aiki, kuma na ga iyayen da suka yi murna da ita.

Kuma yau ce Juma'ar. Maza za su tafi masallaci, ke za ki tafi kasuwa, gida zai zama babu kowa. Na kira wayar Malam tana kashe. Na kira Maijidda, ita kaɗai nake da lambarta. Na san cikinta, amma gara Briketeri duka ta ji da a ce na yi shiru. Na ce ta nemo ki duk inda kike, ta ce miki ki je wurinsa yanzu, sallama yake yi.

Ban san dalilin da ya sa nake rubutu ba, takardar nan ba za ta riga komai isa ba. Hannuna ne ya ƙi zama. Zan ba motar fasinja. In ta same ki yana raye, kada ki bar shi shi kaɗai ko na taƙi ɗaya. Ki kalli idonsa ki tambaye shi ko yana tunanin kashe kansa, tambayar ba ta sa mutum ya yi. Na nemi konje, wato hutun aiki, an ce sai wani ya karɓe ni, ɗakunanmu cike suke.

Ya Allah, Ka sa Maijidda ta yi sauri.

Hidaya


Briketeri
6 ga Nuwamba

Hidaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kin samu kin runtsa. Ƙafata ta kumbura suntum tun gudun ran nan, ina ɗora ta a kan matashi, kin ci nasara. Wayata ta dawo hannuna, ni na shiga shago na ɗauko abata, kuma kin ji muryarsa kin san yana raye. Amma duk sanda na so in ba ki labarin a waya kuka ke hana ni. Sannan akwai abin da nake so ki gani a rubuce.

Ina Mokolo ina cinikin fulawa sai na ji ana ƙwala mini kira. Maijidda ce a kan bensikin, ita da ke cewa mace mai mutunci ba ta hawa babur, ba mayafi, takalmi daban-daban. Ta ce, "Hidaya ta ce ki je wurinsa yanzu, sallama yake yi!" Kalmar nan tana shiga kunnena komai ya juye. Kwanon da ya kife, agogo, nono. Na saki fulawar a ƙasa. Mu uku a kan babur, ana yayyafi, ban san yadda muka iso ba.

Lungu tsit, ana jin huɗuba daga nesa. Ƙofar ɗakin zaure a kulle ta ciki. Na buga na ce, "Kai yaro." Shiru. Na ce, "Yayan Afra'u, buɗe." Shiru. Na ce, "Ɗan Hidaya." Ko motsi. Maijidda ta ruga neman taɓarya a fasa ƙofar, na rage ni kaɗai da katako. Duk sunayen da nake ɓuya a bayansu shekara ashirin da uku sun ƙare mini.

Sai na kira shi. Da sunansa na yanka. Muryar ta fito kamar ba tawa ba, harshena bai san hanyar sunan ba. Na sake kira da ƙarfi. Can sai na ji numfashi a jikin ƙofar, ya ce, "Umma, me kika ce?" Na sake faɗa. Na ce, "Ni na haife ka. Tun kafin a raɗa maka sunan nan nake son sa, kullum ina faɗin sa a cikina. Ban san yadda zan yi da abin da ke tare da kai ba, amma wallahi in ka tafi ba hutu ka bar mini ba. Buɗe wa uwarka."

Ya buɗe. Yana cikin farar riga wankakkiya. Abin da na ga ya tanada a ɗakin ba zan rubuta ba, ba zan kuma faɗa ba har in mutu. Na rungume shi, ƙashi ne kawai. Ya yi kuka irin na jarirai. Ya ce, "Na san al'ada ce, Umma. Amma tun da abin nan ya fito, in kika tsaya bayan labule sai in ga kamar ƙyamata kike yi." Hidaya, kin faɗa mini, ban ji ba.

Da Malam ya dawo masallaci ya tarar da mu a zaure, ni da shi, hannu biyu a kwanon nan mai jan ɗigo. Ya tsaya ya ce, "Mene ne haka?" Ban taɓa ɗaga masa murya ba, ran nan ma ban ɗaga ba. Na ce, "Malam, shiga ɗakin nan ka gani. Makalar da ka ce in soya, ashe ta sadakar ukunsa ce." Ya shiga. Ya daɗe. Ya fito yana dafa bango, ya zauna a kan dakali, hularsa a hannu.

Kada ki ɗauka komai ya gyaru. Har yau bai yi masa magana ba, kwanon maza kuma bai ce ya dawo ba. Amma ran da za mu wurin abokiyarki, na waiga na gan shi a bayanmu da lema, ya tare mana taksi, ya koma. Likitar ta ce mini "ashiya, mama", sannunsu ke nan ta nan, ta zauna da shi ta daɗe, ta ba shi magani, za mu riƙa komawa. Ta ce sauƙin a hankali yake zuwa, kada in ga dariyar kwana ɗaya in saki jiki. Ina kwana a zaure yanzu. Ya gaya mini a fili abin da ke zuciyarsa bai canza ba, kada in sa rai da ƙarya. Na ji zafin maganar, ban kuma gane ba har yanzu. Ina kai wa Allah kukana, amma na daina roƙon Ya rufa mini asiri kafin in roƙi Ya bar mini ɗana.

Unguwa tana nan da bakinta, masu maganar komisariya ma ba su yi shiru ba. Maijidda kuwa, ikon Allah, ko mutum ɗaya ba ta gaya wa abin da ta gani ba. In kin samu konjen ki zo ku yi shawara, ko zai bi ki Garwa ya sha iska, in ya yarda. Ki taho da hularsa, ya ce yana so.

Yana nan kusa da ni yana ɓare mini gyaɗa, yana tambaya me nake ta rubutawa da Hausar da ba ya iya karantawa. Na ce akwai kalma ɗaya da zai iya, bari in rubuta in nuna masa.

Nu'man yana gaishe ki.

Addarki,
Adawiyya, uwar Nu'man